Issoufou Shofer da Takardar Hajjo

Duk wanda ya daɗe yana shiga taksi tsakanin Wadata da Maourey ya san Issoufou Shofer, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari tas, kuma ba ya tuƙi sai da hula. Motarsa tsohuwa ce ƙwarai, ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. In fasinja ya fara kokawa da ita, sai Issoufou ya ce, "Bi ta a hankali, ta girme ka," ya zura hannu ta taga ya buɗe masa.

Mutumin ƙasar Madawa ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ba a daɗe da gobarar da ta cinye babbar kasuwa ba, lokacin 'yan kasuwa suna cikin rumfunan Wadata suna jiran a sake gina musu wuri. Da tura amalanke ya fara, daga nan ya koma wankin motoci a tasha, har wani shofer ya ga hankalinsa ya ɗauke shi yaron mota. Ranar da ya samu permi na tuƙi, sai da ya je gidan hoto aka ɗauke shi riƙe da takardar a ƙirji, ya aika ma tsohuwarsa gida.

Tuƙi ya iya, amma garin ne bai sani ba. Fasinja zai faɗi sunan kartiye, wato unguwa, da Zabarmanci, shi kuma ya yi ta zagaye da shi har a yi faɗa. A wannan halin ya haɗu da Hajjo. Sunanta na yanka Hadizatu, a Kalley aka haife ta, kuma ita ke taya uwarta suyar masa a bakin ƙaramar kasuwa. Ranar farko da ya tsaya sayen masa ya gwada gaishe ta da Zabarmanci, ta yi dariya har ta aje cokalin da ke hannunta.

"Malam, yi Hausarka kawai," in ji ta. "Abin da ka faɗa yanzu, ko akuya ba a gaisarwa da shi."

Washegari ya dawo, jibi ma haka. Ita ta koya masa garin. Tana juya masa a tanda tana zana masa hanyoyi a ƙasa da tsinke: nan Gamkalle, nan Boukoki, in ka haye gada ka shiga Harobanda. Kafin damina biyu ta wuce ya san Yamai lungu-lungu, kuma an ɗaura musu aure.

Ɗaki guda suka kama a wani gidan haya a Kalley, mai itacen dogon yaro a tsakar gida. A nan aka haifi ɗiyarsu Iklima. Har yau in Issoufou ya ce "lokacin da Yamai take Yamai," waɗannan shekarun yake nufi. Ran Lahadi da la'asar yakan aje taksi, su tafi gidan tarihi, inda ake ajiye namun daji, su nuna ma yarinya zaki da dorina, su sayi rake, su gangara bakin kogi su zauna har masu jiragen kwale-kwale su fara komawa gida. Motoci ba su da yawa a lokacin, kuma kowane shofer ya san ɗan'uwansa.

Sai abubuwa suka tsuke. Albashi ya daina fita a kan kari, ma'aikata suka koma tafiya da ƙafa, taksi ya riƙa yawo wayam. Wani mai manyan motoci ya yi masa tayin tuƙa kamyo a Arlit, can arewa. Issoufou ya ce su tafi tare. Hajjo ta ce ba za ta iya ba, don a shekarar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da uwarta, kuma ba ta da wata ɗiya mace sai ita. Ya ce to shekara guda zai yi ya dawo. Shekara ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Yana aike, yana zuwa jefi-jefi, amma duk zuwan da zai yi sai ya tarar sun ƙara zama baƙin juna. Shi ya ƙi dawowa hannu banza, ita ta ƙi barin marar lafiya. Manya sun shiga tsakani har sun gaji. Daga ƙarshe Hajjo ta kai maganar jastis, aka aika masa sammaci.

Da fushi ya taho, amma a gaban alƙali fushin ya kwanta. Alƙalin ya saurare su, da dattawa biyu masu ba shi shawara kan al'ada a gefensa, aka nemi a daidaita su abin bai yiwu ba, aka raba auren. Aka bar Iklima wurin uwarta, ci da sutura da kuɗin lakwal, wato makarantar boko, a wuyan uba. Da ta kai shekarun da uba kan karɓi ɗiyarsa, 'yan'uwansa suka yi ta zuga shi. Ya je Kalley, ya tarar da ita zaune kusa da kakarta tana karanta mata littafin lakwal da ƙarfi, tsohuwa tana gyaɗa kai ko da yake ba ta jin Faransanci ko kalma guda. Ya gaishe su ya juyo, bai ƙara tada zancen ba.

Bayan wasu shekaru ya baro Arlit ya dawo kan taksinsa. Ya auri Zeinabu, mace mai fara'a da yawan tsokana, suka zauna a Maourey, ta haifa masa 'ya'ya maza. Hajjo kuwa ba ta sake aure ba. Da uwarta ta rasu ta koma Harobanda, ta buɗe ɗan wurin sayar da abinci, ta yi ta fama har Iklima ta gama karatu ta zama ma'aikaciyar jinya a gidan likita. Ita da Issoufou ba sa haɗuwa sai wurin biki ko suna ko ta'aziyya, su gaisa a mutunce kowa ya kama gabansa. Haka aka shafe kusan shekara talatin.

Wata Asabar da hantsi yana ƙofar gida yana wanke mota, sai ga Iklima a kan moto. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Zeinabu da ƙannenta, sannan ta tsaya tana wasa da makullin moto.

"Baba, magana ce ke tafe da ni, ban san ta inda zan fara ba."

"Fara ta inda ta fi nauyi."

"Inna za ta yi aure."

Issoufou ya tsaya da tsumma a hannu, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa. Can ya ce, "Masha Allah. Wane ne?"

Ta ce wani ne Mushe Tanimu, mutumin Damagaram, tsohon malamin lakwal da ya aje aiki, matarsa ta rasu. Wurin Hajjo yake cin abinci tun da daɗewa. Yana so bayan ɗaurin aure a je meri, ofishin magajin gari, a rubuta, don kada ranar da ba shi ta rasa haƙƙinta. To a meri an ce sai ta kawo takardar da ke nuna auren farko ya mutu. Tata kuwa ta tafi a shekarar da kogi ya cika ya shiga gidajen Harobanda, akwatin da take ciki ma ba a gan shi ba.

"Na ce ko taka tana nan, Baba."

Issoufou ya aje tsumman a kan mota. Ya tuna ya ninke ta ya sa a aljihun wata jaka a Arlit, daga nan bai san inda ta yi ba.

"Mun je jastis," in ji Iklima. "An ce ana iya ba da kwafi, amma sai an san shekarar da aka yi shari'ar, in da lamba ma ya fi. Inna ta ce tsakanin shekaru biyu take kokwanto. Ni kuma aiki ba ya barina in yi ta zarya."

Ya ce zai kira ta. Da ya shiga gida ya gaya ma Zeinabu, yana jiran ya ga yadda za ta ɗauki zancen. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"To me kake jira? Matar da ta rene maka ɗiya har ta zama mutum, yau ta nemi takarda guda ka tsaya tunani? Ka sa babbar rigarka, kada ka je mata da wannan mai warin gazuwal."

Ran Litinin da safe ya haye gada ya je ɗaukarta. Ta fito da lulluɓi ruwan toka, ta yi jiki, tafiyarta ta yi nauyi saboda gwiwa. Ta shiga baya ta zauna.

"Baban Iklima, mun tashe ka da sassafe. Ina kwana, ina iyali?"

"Lafiya lau, Hajjo. Allah ya sanya alheri, na ji labari."

"Amin, na gode."

Ya ja mota suka hau gada. Ruwa ya ja baya, yara suna wanka a gefen tsibiri. Hajjo ta leƙa ta taga. Ta ce dā daga nan ana hango itatuwan mangwaro har ido ya gaji. Ya ce yanzu sai benaye. Da suka zo daidai inda ƙaramar kasuwa take kafin ita ma wuta ta cinye ta, bai san lokacin da ya rage gudu ba.

"Can ne," in ji ta, tana nuni da haɓa. "Kusa da inda mai farar motar nan ya tsaya. Nan Inna ke kafa tanda."

"A'a, gaba kaɗan ne. Akwai mai gyaran agogo a gefenku."

"Mai agogo daga baya ya zo. Kai ka cika gardama har yanzu."

Na bayansu ya danna oda, Issoufou ya ja mota yana murmushi.

A jastis aka nuna musu biro ɗin da ake ajiyar takardun shari'a. Mai kula da wurin wata mata ce matsakaiciya mai tabarau, Madam Safiatou, Bahaushiyar Maraɗi. Ta karɓi katin shaidar kowannensu ta duba, ta yi musu bayani a natse: kwafin hukunci irin wannan ba kowa ake ba wa ba, sai waɗanda aka yi shari'ar tsakaninsu ko wakilinsu. Za a rubuta takardar roƙo, a manna mata tambur, wato kan sarki, sannan a shiga ɗakin ajiya a nema. Shari'un wancan zamanin da hannu aka rubuta su, ba sa cikin na'ura.

"Baba, wace shekara ce?"

"Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa," in ji Issoufou ba tare da jinkiri ba. "Na tuna, don da na sauka a tasha na tarar farashin komai ya tashi."

"Ni dai ina ganin shekarar da ta biyo baya ce," in ji Hajjo. "Iklima ta riga ta shiga lakwal. Da wuri na kai ta ranar, don kada ta ga inda za ni."

"Ba ta shiga ba."

"Ta shiga, Baban Iklima. Haƙoranta na gaba ma sun fita."

Madam Safiatou ta dube su ta saman tabarau, ta danne dariya. Ta ce za a fara da shekarar da Baba ya faɗa, su dawo wani mako.

Da suka dawo ba a samu ba. An bi shekarar tun daga farkonta har ƙarshe, babu sunansu. Hajjo gyaran lulluɓi kawai ta yi, amma Issoufou ya san ma'anar wannan gyaran lulluɓin tun suna Kalley. Madam Safiatou ta ce in za su iya jira, za ta sa a fiddo na shekarar da Inna ta faɗa.

Suka fita suka zauna a kan benci ƙarƙashin inuwa, da tazara tsakaninsu. Wurin cike yake da jama'a. Ga mata da goyo, ga maza riƙe da takardu a leda, ga wata yarinya matashiya da mijinta sun juya ma juna baya, tsohuwa tana tsakiyarsu tana ta ba da haƙuri. Issoufou ya daɗe yana kallonsu.

"Haka muke ranar?" ya tambaya.

"Mu ba mu juya ma juna baya ba. Kai dai ka ƙi zama, ka yi ta safa da marwa da wata shuɗiyar riga duk ƙurar hanya."

"Daga tasha na wuto kai tsaye."

"Na sani." Ta gyara zama. "Ka san ranar na yi maka tuwo?"

Ya juyo ya dube ta.

"Kafin in fito na tuƙa shi na rufe. Na ce mutum ya kwana biyu a hanya, ko an raba mu ko ba a raba ba, ai zai ci abinci. Na ɗauka za ka biyo ta gida ka ga yarinya. Har magariba ina jin motsin ƙofa."

"Bakin kogi na tafi," in ji shi. "Inda muke zama ran Lahadi. Na rasa da wace fuska zan shiga in gaida Innarki. Da gari ya waye na bi motar Agadas na koma Arlit."

"Ita ma ta tambaye ka. Ta ce ko baƙo ne ai ya shigo ya sha ruwa."

"Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba."

"Amin."

Mai sayar da ruwan leda ta gifta, ya saya musu. Hajjo ta huda nata da haƙori ta sha kaɗan.

"Wace miya ce?" ya tambaya.

"Me?"

"Tuwon."

Ta fashe da dariya har mutanen benci na gaba suka waiwayo. Dariyar nan ce dai ta bakin ƙaramar kasuwa, ba ta tsufa ba. "Kai, Baban Iklima! Yakuwa ce da busasshen kifi. Maƙwabta suka cinye."

Daga nan hira ta ɓalle. Suka tuna mai gidan hayarsu da ke ƙirga bokitin ruwa, da ranar da Iklima ta ɓace aka same ta tana barci cikin taksi, da wata akuya da ta cinye masa rasit. Suka lissafa mutanen gidan, sai suka ga waɗanda suka rage da rai ba su da yawa. Ya tambaye ta halin Mushe Tanimu. Ta ce mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, aibinsa guda shi ne gyara ma mutane Faransanci ko ba su tambaye shi ba.

Ana gab da azahar aka kira su. Madam Safiatou ta aje wani babban kundi a kan tebur, takardunsa sun yi ja, gefensu ya fara gutsurewa. Ta sa yatsa a kan wani shafi.

"Ga ku nan. Inna ce ta yi daidai."

"Ai na sani," in ji Hajjo a hankali.

Issoufou bai iya karatun boko sosai ba, amma ya gane sunansa, ya kuma gane sa hannun da ya yi a ƙasa, wani karkataccen zane da ya koya don karɓar permi. Kusa da shi ga dangwalen yatsan Hajjo da shuɗiyar tawada, ɗan ƙarami. Madam Safiatou ta karanta tana juya musu da Hausa: an raba auren wane da wance, yarinya za ta zauna wurin uwarta, uba zai ɗauki nauyinta kuma yana da ikon ganinta duk lokacin da ya so. Abin bai cika shafi biyu ba.

"Shi ke nan?" in ji Issoufou.

"Shi ke nan, Baba. Za a buga kwafi, shugaba ya sa hannu a buga hatimi. Inna ta dawo ta karɓa, ba sai kun taho tare ba."

Ya yi godiya, ya sa mata albarka. Ya mai da Hajjo Harobanda. Da za ta sauka ta ce, "Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ka gaida Zeinabu, ka ce ina nan zuwa in yi mata godiya da bakina." Ya ce za ta ji. Ranar bai ƙara ɗaukar fasinja ba, gida ya wuce ya kwanta. Zeinabu ta leƙo ta gan shi ido biyu yana kallon rufi, ta ja ƙofa ta hana yara surutu.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, aka kuma rubuta a meri. Issoufou bai je ba, ya dai aika manyan 'ya'yansa, Zeinabu kuma ta wuni can wurin girki.

Da aka kwana biyu, wata la'asar yana zaune da abokansa a fadarsu ta bakin gudro, wato titin kwalta, suna jiran shayi ya nuna, sai ga wani gajeren dattijo mai tsabta, da jarida a hammata, yana tambayar Issoufou Shofer. Mushe Tanimu ne. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, sannan ya ce ya zo ne takanas ya yi godiya, don ba kowane namiji zai yi abin da Issoufou ya yi ba.

"Mushe, ba komai," in ji Issoufou. "Uwar ɗiyata ce. Amana dai, ka riƙe ta da kyau. In kuma kuka yi gardama kan shekara ko kan hanya, kada ka ja, ita ke da gaskiya."

"Wannan na riga na gano," in ji Mushe Tanimu.

Aka matsa masa a kan tabarma ya zauna, aka miƙa masa kofin farko. Hira ta kai su ga Arlit, ashe shi ma ya taɓa koyarwa a can, kusan lokaci guda da Issoufou. Suka shiga tambayar juna mutanen da suka sani, wane yana nan, wane ya rasu, har aka kira magariba suka tashi alwala tare.